Yadda ake gane hancin burosh da kon ɗin tsohon tur kafin a aika kuɗin mandiran

Yawancin injinan tur, wato injinan fere ƙarfe, da ke aiki a atiliyoyin Damagaram sun girmi masu su, wasu ma sun girmi iyayen masu su. Inji ne da ya gama rayuwarsa a wata masana'anta a Turai, ya biyo ta Kwatano ko Kano, ya yi hannu uku huɗu kafin ya iso gare ka, littafinsa ya ɓace tun tuni, farantin sunan kuma an shafe shi da fenti kore sau nawa. Aiki yana tafiya har ranar da mandiran, wato kan da ke riƙe ƙarfen da ake ferewa, ya gaji, haƙoransa suka daina kama ƙarfe daidai, ko kana son na haƙora huɗu, ko santa, wato tsinin da ke tokare ƙarfe a tsakiya, ta ɓace. Sai ka kira mai kaya ya tambaye ka wane irin hanci injinka yake da shi, kai kuma ka ce ai irin babban nan ne. To wannan amsa ita ke sa a ɗoro maka mandiran mai nauyin kilo talatin a mota daga Kano, ya zo ya ƙi shiga, kuma mayarwa ba ta da sauƙi.

Abu uku ne daban-daban kuma kowanne da awonsa. Akwai hanci, wato gaban burosh ta waje inda mandiran ke zama, burosh kuwa shi ne sandar da ke juya mandiran. Akwai kon na ciki, ramin nan mai tsukewa da ke cikin burosh ɗin inda santa ke shiga. Sannan akwai kon ɗin kontir-pwant, wato abin da ke tokare ɗaya gefen ƙarfen can ƙarshen inji. Sanin ɗaya ba ya ba ka sauran, ko da sunan kamfani ɗaya ne, don kamfani ɗaya yakan fitar da samfuri ɗaya da hanci iri biyu gwargwadon shekara ko abin da mai saye ya nema. Shi ya sa ni ban yarda da sunan da ke jikin inji ba sai a matsayin alama, awo ne ke yanke magana.

Kayan da za ka tanada: piye-a-kulis, wato ma'aunin kauri da zurfi mai baki biyu, mai kyau, in da hali mai lamba ta batir wanda ke juyawa daga milimita zuwa inci, komparatar, wato agogon awo mai allura, da ƙafarsa ta maganaɗisu, penyi na awon fileta, wato haƙoran murɗawa irin na jikin bulon, mai ɓangaren milimita da na inci, markar baƙa ko shuɗiya, tsumma, gazuwal ko kananzir, tocila, katako mai faɗi, sandar tagulla ko ta alminiyum, da takarda da bik. Takardar nan kar ka raina ta, duk lambar da ka auna rubuta ta nan take.

Mataki na farko, kashe wuta

Ba maɓallin jikin inji kaɗai ba, sauke disjonktar, wato babban makunnin wuta, gaba ɗaya. Da yadda wuta ke tafiya tana dawowa ba sallama, in hannunka na cikin burosh ta dawo lebiya na sama, ba sai na ƙarasa ba. Ka gaya wa yaran atiliye kar wanda ya taɓa. Ɗora katakon a kan gadon inji ƙarƙashin mandiran, in babba ne ka zura sandar ƙarfe ta cikin burosh ta fito ta bakin mandiran ɗin ta yadda ko ya suɓuce zai rataya a kanta. Mandiran ɗin da ya faɗo kan gadon tur yana barin tabon da ba ya gyaruwa.

Sannan ka wanke bayan mandiran da gazuwal. Ƙurar hunturu da tsohon mai da garin fonti, wato baƙin ƙarfen zubi, sukan haɗu su zama wani baƙin kwaɓi da ke rufe komai, har ramukan da za su nuna maka irin hancin.

Mataki na biyu, kalli bayan mandiran tun kafin ka kwance

Da ido kaɗai za ka raba gidajen, wato ire-iren hancin. In ba ka ga bulon ba, ba ka ga komai ba, sai wuyan farantin da ke bayan mandiran kawai ya tafi ya jingina da kafaɗar burosh, to mai fileta ne, murɗa shi ake yi. In ka ga wani babban zobe mai tsage-tsage a gefensa tsakanin mandiran da kan inji, wanda ake kamawa da kile, wato sifana, mai ƙugiya, wannan dogon kon ne na Amurka, wanda ake rubutawa da L. In ka ga ramuka masu kusurwa huɗu a kewayen hancin, guda 3 ko 6, kowanne da ɗan layi da alamar V biyu, Camlock ne, ana rubuta shi D1. In kuwa ekuru, wato noti, ka gani a bayan faffaɗan kan burosh, da wani siririn zobe mai juyawa wanda ramukansa ke da gefe mai faɗi da gefe matsattse, wannan bayonet ne, shi ya fi yawa a injinan Jamus da Rasha da gabashin Turai da na Sin. Na ƙarshe shi ne wanda dogayen bulon suka ratsa ta fuskar mandiran ko ta faranti suka shiga kan burosh kai tsaye, shi ne nau'in A.

Akwai 'yan ba-ruwanmu. Kamfanin Cazeneuve na Faransa yana da hancin kansa da bai bi na kowa ba, kuma injinan Faransa ba baƙi ba ne a ƙasar nan, don haka in abin da ka gani bai shiga ko ɗaya daga cikin biyar ɗin can ba kar ka tilasta masa.

Mataki na uku, kwancewa

Camlock ba wuya, ka juya kowane kam, wato masu rami mai kusurwa huɗun nan, hagu har layinsa ya zo daidai da layin da ke jikin hanci, ka ɗan buga mandiran da gudumar katako ya saki. Kafin ka cire ka sa alamar marka a mandiran da hanci don ka mayar da shi yadda yake. Bayonet kuma sassauta ekuru kawai ake yi, a juya zoben, ekurun su wuce ta manyan ramuka, ba a cire su gaba ɗaya. Na L, babban zoben shi ke jawo mandiran kuma shi ke turo shi waje, za ka ji ya saki sannan ya sake ɗaurewa, ci gaba da juyawa, a nan ne yake ɓamɓare shi daga kon.

Mai fileta shi ne mai taurin kai, wanda ya shekara ashirin ba a kwance ba sai ka ce an yi masa sudur. Abin da mutane ke yi su sa giyar baya su kulle burosh su kama guduma, wallahi kar ka yi, haƙoran giyar nan fonti ne, ɓallewa suke, kuma ina za ka samo wata giyar injin 1950 a Zinder? Zuba mai mai ratsa tsatsa ka bar shi ya kwana, ka matse guntun ƙarfe mai kusurwa shida a mandiran, ka sa dogon kile a kai, wani ya riƙe puli da bel ko a naɗe shi da tsohon bel a danne, sai ka riƙa ba wa kile ɗin bugu gajere mai kaifi. In kana tsaye kana fuskantar mandiran, hagu yake kwancewa. In ya ƙi yau, ƙara mai, gobe ma rana ce.

Mataki na huɗu, awon hanci

Na fara da mai fileta don nan aka fi yin asara. Abu huɗu za ka auna: kaurin fileta, pa wato tazarar haƙori da haƙori, kusurwar haƙorin, da kauri da tsawon sumul ɗin wurin da ke bayan fileta kafin kafaɗa. Wannan sumul ɗin da kafaɗar su ne liman, fileta mamu ce kawai, aikinta ta jawo faranti ta matse, amma daidaiton mandiran a tsakiya daga can yake fitowa. Mutum zai auna fileta ya manta da shi, faranti ya zo ya murɗu lafiya lau amma yana rawa.

Kaurin fileta ka auna shi a milimita, sannan ka danna ka gani a inci. Wanda ya faɗa kan lamba mai kyau shi ne yaren injin. Ka tuna tsohuwar fileta ta ci, abin da asalinsa 38.1 ne zai iya nuna maka 37.9. Ga waɗanda aka fi gamuwa da su: South Bend mai inci 9 da Atlas mai inci 10, duka na Amurka, inci 1 da rabi ne, wato 38.1, haƙora 8 a inci. Babban South Bend da ake kira Heavy 10 yawanci inci 2 da kwata ne, 57.15, shi ma haƙora 8. Myford ML7 na Ingila, wanda ya fito a 1946, da ƙaninsa Super 7, 28.575 ne da haƙora 12 a inci, sumul ɗinsa 31.75. Na Jamusawa masu bin ƙa'idar DIN 800 kuwa akwai M33 pa 3.5, M39 pa 4, M45 pa 4.5, M52 pa 5, M60 pa 5.5, kuma M39 ɗin sumul ɗinsa 40 ne.

Ka ga 38.1 da 39 a ido ba su da bambanci, pa ce ke raba su. In ba ka da penyi, shafa baƙin mai a kan fileta ka danna farar takarda a kai, layuka za su fito. Ka ɗauki layin farko a matsayin sifiri, ba ɗaya ba, nan yara ke kuskure kullum, ka ƙirga tazara biyar ka auna. In ka samu 20 pa 4 ce. In 15.9 ka samu haƙora 8 ne a inci, in 15 cif pa 3 ce. 10.6 haƙora 12 ne, 10 cif pa 2. Kar ka auna tazara ɗaya tak, 3.175 da 3 ba za su rabu a idonka ba.

Sai kusurwa, wadda ita ce mugun tarko. Na Amurka da na milimita digiri 60 ne, na Ingila irin Whitworth 55 ne kuma kan haƙorinsa a zagaye yake. Boxford na Ingila kwaikwayon South Bend ne, kauri ɗaya, haƙora 8 ɗaya, amma shi 55 ne, farantin ɗaya zai iya shiga ɗaya ya yi zagaye biyu ya cije. Ɗora penyi a kai ka haska tocila ta baya, in haske na fitowa ta gefen haƙoran to ba kusurwarsa ba ce, gwada ɗaya ɓangaren.

Wani abu a gefe, tunda muna kan mai fileta: duk injin da hancinsa haka yake kar a ba shi ribas da gudu, mandiran kwancewa yake ya biyo mutum.

Dogon kon na L ba ya ɓoyuwa, dogo ne, yana da kilabet, wato guntun ƙarfen da ke hana mandiran zamewa, a kwance a samansa. Gangarensa 7 cikin 24 ne, wato kauri na raguwa da 7 a kowane tsawon 24. Auna kaurinsa a gindi inda ya fi kauri: 69.85 L00 ne, 82.55 L0, 104.78 L1, 133.35 L2. Tazarar da ke tsakaninsu babba ce, ba ka ruɗewa. Tsofaffin Colchester masu zagayayyen kai nan suke, Student ɗinsu L0, Triumph L1.

Camlock da bayonet da A kuwa duk ɗan gajeren kon ɗaya suke amfani da shi, tsawonsa milimita 11 zuwa 16 a girman da muke gani, gangarensa 1 cikin 4, digiri 7 da minti 7 da rabi a gefe ɗaya. Yadda ake ɗaure su ne kawai ya bambanta. Lambar girman daga kaurin kon ɗin take fitowa, a gindinsa dab da fuska:

lamba 3, 53.975
lamba 4, 63.513
lamba 5, 82.563
lamba 6, 106.375
lamba 8, 139.719
lamba 11, 196.869

Saboda gangaren yana da tsanani, in bakin piye-a-kulis ya ɗago daga fuska da milimita 2 kacal ka riga ka rasa rabin milimita, don haka in ka ga 105.8 kar ka ce wani sabon abu ne, lamba 6 ce. Ka tabbatar da ƙirgen ƙafafu, wato sandunan bayan mandiran masu shiga ramukan hanci. A Camlock, D1-3 da D1-4 ƙafa uku ne, daga D1-5 zuwa sama shida. Kaurin ƙafar 14.3 a D1-3, 15.9 a D1-4, 19 a D1-5, 22.2 a D1-6, 25.4 a D1-8. A bayonet lamba 3 da 4 ƙafa uku, lamba 5 da 6 da 8 ƙafa huɗu. Da'irar da ƙafafun ke kai 104.8 ce a lamba 5, 133.4 a lamba 6, 171.4 a lamba 8, a duka gidajen. A lamba 4 ne suka rabu, Camlock 82.6, bayonet 85. Nau'in A in ka ga layin ramuka biyu, na ciki da na waje, A1 ne, in na waje kaɗai A2.

Ka lura 82 da ɗigo biyar ɗin nan ya fito sau uku, gindin L0, kon ɗin lamba 5, da da'irar D1-4. In ka ce wa mai kaya tamanin da biyu kawai a waya, Allah kaɗai ya san wanne zai ɗauko.

Don ka samu abin kwatance, Colchester Bantam D1-3 ne, Student 1800 da Harrison M300 D1-4, Triumph 2000 D1-6. Shahararren 16K20 na Rasha, wanda masana'antar Krasny Proletary ta Mosko ta yi, bayonet lamba 6 ne.

Mataki na biyar, kon na ciki

Kafin ka auna komai leƙa da tocila ka tabbatar abin da kake gani burosh ne ba hannun riga ba. Injina da yawa suna zuwa da wani bututun ragewa a ciki, misali daga Morse 5 zuwa Morse 3, ya zauna shekaru har ya yi launi ɗaya da burosh. In ka ga siririn layi zagaye a fuskar hanci, ko ramin baya ya fi na gaba faɗi sosai, to akwai shi. Zura sandar tagulla ta bayan burosh ka buga, yaro ya tare da tsumma ta gaba. Kar ka sa ƙarfe zalla. Bayan nan ka goge ramin tas, ka shafa da yatsa, in ka ji ƙurji ko ɗan tudu ka kwantar da shi a hankali da ɗan dutsen wasa mai laushi, tudun kaɗai, ba a bin ramin da takardar yashi.

Mafi yawa irin kon ɗin da ake kira Morse za ka tarar, wanda Stephen Morse ya ƙirƙiro a Amurka wajen 1864. Faɗin bakinsa:

Morse 1, 12.065
Morse 2, 17.780
Morse 3, 23.825
Morse 4, 31.267
Morse 5, 44.399
Morse 6, 63.348

Akwai kuma 4 da rabi, 38.1, wanda ba a cika samu ba amma yana cikin wasu Clausing da Colchester. Bakin rami sau da yawa an ɗan fere shi, ko an taɓa gyara fuskar, don haka sa bakin awon ya wuce ferewar, kuma kar rabin milimita ya tayar maka da hankali. Myford ɗin can Morse 2 ne, South Bend 9 da Boxford Morse 3, 16K20 Morse 6 da rami mai ratsawa 52.

Da a ce Morse kaɗai ke duniya da an gama a nan. Amma akwai na milimita mai gangare 1 cikin 20 cif, wanda lambarsa ita ce faɗin bakinsa, 80, 100, 120, a manyan injina. Akwai Jarno, shi ma 1 cikin 20, faɗin bakinsa lambarsa ce a raba 8 a inci. Akwai Brown & Sharpe mai kusan 1 cikin 24. Shi kansa Morse gangarensa ba ɗaya ba ne, Morse 2 1 cikin 20.02, Morse 3 19.92, Morse 4 19.25, Morse 5 19.00, Morse 6 19.18. Ga inda abin ke cizo: Jarno 12, wanda ke cikin Monarch 10EE, bakinsa 38.1 ne, daidai da Morse 4 da rabi. Baki ɗaya, gangare daban. Dole sai an auna gangaren.

Hanyar da na fi so ita ce ta faifai biyu, don ba ta bukatar komai sai tur da piye-a-kulis. A ce bakin ya nuna wajen 44. Ka fere faifai biyu na ƙarfe, kauri ɗaya kamar milimita 5, ɗaya faɗinsa 43.00 ɗaya 40.50, gefensu a miƙe, ba ferewar baki, kowanne da dogon bulon a tsakiya na riƙewa. Ko ka mayar da mandiran ka yi su ko ka je wajen maƙwabci. Tura babban a hankali har ya tsaya, a miƙe ba a karkace ba, ɗora rula a fuskar hanci ka auna zurfi daga rula zuwa fuskar faifan da wutsiyar piye-a-kulis, ka auna a wuri uku ka ga sun yi daidai. Cire, sa ƙaramin, auna. Debe zurfin farko daga na biyu, ka raba da 2.5, wato bambancin faɗinsu. In tazarar 47.5 ce amsa 19, Morse 5 ke nan. In 50 ce amsa 20, na milimita ne ko Jarno. In ta kai 60, Brown & Sharpe. A rami mai 38.1 kuma, da faifai masu bambancin 2.5 ɗin, Morse 4 da rabi zai ba ka 48.1, Jarno 12 ya ba ka 50. Daɗin hanyar shi ne ɗan bambancin da ido ba ya gani ta mayar da shi milimita biyu cur. Sharaɗinta faifan su zama daidai, kuskuren 0.02 a faɗi yana zama 0.4 a zurfi, don haka in akwai mikirometir a auna su da shi, kuma lambar da ka auna za ka sa a lissafi ba wadda ka yi niyya ba.

Mai komparatar irin mai ɗan harshe zai iya bin wata hanyar. Kafa shi a kan shariyo, wato abin da ke ɗauke da wuƙa yana tafiya a kan gadon inji, harshen ya taɓa bangon rami daidai tsayin tsakiya, a kwance kusan layi ɗaya da bangon, ka sa sifiri, ka tura shariyo milimita 25 cif. Kar ka wuce haka, irin wannan komparatar yawanci 0.8 kawai yake iya tafiya. Rubuta abin da ya nuna, sannan ka maimaita a bangon da ke fuskantarsa ka haɗa biyun. Dalilin haɗawar, gadon tsohon inji ya ci kusa da kai kuma kan ma ba lalle yana miƙe ba, abin da ya ƙaru a gefe ɗaya ya ragu a ɗayan. Jimlar za ta ba ka wajen 1.32 a Morse 5, 1.30 a Morse 4 da 6, 1.25 a Morse 2 da 3 da masu 1 cikin 20, 1.04 a Brown & Sharpe. Ka ga a nan lambobin sun matsu da juna, shi ya sa na ce faifai ya fi.

Wasu suna cika ramin da mastik na masu gyaran jikin mota a jikin sanda, bayan sun shafe bangon da mai sosai, in ya bushe su bugo shi ta baya su auna a waje. Yana ba da kusan amsa, kuma yana da amfani in za ka aika da samfuri. Na kyandir kam a zafin watan Afrilu kafin ka gama awo ya lanƙwashe.

In lissafi ya ƙi faɗawa kan kowane gida kar ka zargi kanka da sauri. Manyan South Bend suna da ramin kansu wanda sai da bututun kamfanin ake sa santa, wasu injinan ƙanana na aikin agogo da makamantansu kuma raminsu na pens ne, wato ɗan bututu mai tsaga da ke matse ƙarfe, irin 5C ko na Schaublin, za ka gane su da ɗan gajeren baki mai faɗi sannan rami miƙaƙƙe da ɗan ƙusa a ciki.

Mataki na shida, gwajin marka

Lissafi ya ce Morse 5, to ari santa ko bututu Morse 5 mai lafiya, wanda bai sha guduma ba. Ja layi uku na marka a tsawonsa, a raba su daidai a kewaye, tura shi da hannu ba bugu, murɗa kamar kwatan zagaye, ciro. In layukan sun goge daga sama har ƙasa shi ne. In a babban gefe kawai suka goge, ko a ƙarami kawai, gangaren bai yi ba ko bakin ramin ya buɗe saboda tsufa. In gogewar ta yi tsalle-tsalle akwai datti ko tudu, sake wankewa. Kon da ya dace in ka ɗan tura shi da tafin hannu kamawa yake, ba ka ciro shi sai an bugo ta baya. Kar ka damu in wutsiyar santa ta wuce inda kon ɗin ya ƙare, injina masu babban rami da yawa an datse kon ɗinsu, gaban kawai ke kamawa.

Kontir-pwant ma haka za ka yi masa, fito da hannunsa waje, wanke, auna baki, gwada da marka. Kusan kullum Morse ne kuma yakan gaza na burosh da lamba ɗaya ko biyu, South Bend 9 Morse 2, 16K20 Morse 5.

Abin da za ka aika wa mai kaya

Hoton hanci ta gaba da ta gefe, hoton piye-a-kulis a kan hancin lambar tana fitowa, hoton bayan tsohon mandiran, da takardar awonka. Shi ma ka ce ya ɗora awo a kan nasa ya turo maka ta WhatsApp kafin kuɗi su tashi, ko a Ƙofar Ruwa yake a Kano ko a Yamai. Ka faɗi faɗin mandiran ɗin da kake so daban, don 200 ko 250 girman mandiran ne, ba su ce komai a kan hanci ba. In Camlock ne, ranar da ya iso ka duba kowane kam in ka matse shi dama layinsa ya tsaya tsakanin V biyun nan, wanda ya wuce ko ya gaza sai a cire ɗan bulon da ke tsare ƙafar a ƙara mata ko a rage mata zagaye ɗaya.

In kuma hancin naka irin wanda ba a samu ne, sayi mandiran mai sumul ɗin baya ka yi masa faranti da kanka, fonti ya fi. Tun tsohon mandiran na kai ka fara fere kwafin hancin a guntun ƙarfe, da filetarsa da sumul ɗinsa da kafaɗarsa, ka gwada shi a tsohon faranti har ya zauna daidai, shi ne ma'auninka lokacin da kake yanka ramin sabon, ba sai kana sauke aiki kana gwadawa a burosh ba. Fuskar da mandiran zai zauna kuwa da ɗan tudun da ke shiga bayansa, waɗannan sai ka ɗaura farantin a kan hancin injinka sannan ka fere su, a wurin, kuma ka sa alama a faranti da hanci kafin ka sauke.